Darasi na 9: Rakun da Ofosum, Masu Yawon Dare a Bayan Gidajen Amurka

A yawancin unguwannin Amurka da kudancin Kanada gidaje ba su da doguwar katanga. Gida yana tsaye ne a tsakiyar fili, da ciyawa a gaba, da wani filin a baya inda ake shuka furanni ko kayan miya, a ajiye mazubin shara, wani lokaci har da kwanon abincin kare ko na kyanwa. Idan dare ya raba, wannan fili na baya yana yin baƙi, kuma biyu daga cikinsu sun fi kowa zarya: rakun da ofosum. Babu ko ɗayansu a dazukan Afirka.

Wanda ya leƙa ta taga ya hangi wata halitta tana bincike a gindin shara zai iya cewa duk kanwar ja ce. Abincinsu kusan ɗaya ne, lokacin fitarsu ɗaya, kuma dukansu gwanaye ne wajen hawan bishiya. Daga nan kuwa sai hanya ta rabu. Rakun da hannu da ƙwaƙwalwa yake ci, kuma in ya sami wuri mai daɗi zama yake yi. Ofosum ɗan wucewa ne. Ba ya daɗewa a wuri guda, ba ya daɗewa a duniya, abin da ke riƙe da zuriyarsa shi ne yawan haihuwa. Wannan bambanci shi ne ƙashin bayan darasinmu, domin shi ya sa shawarar da ma'aikatan kula da namun daji ke ba magidanta a kan ɗaya ta sha bamban da wadda suke bayarwa a kan ɗayan.

Kama da sawu

Rakun dabba ce mai curarren jiki da gashi mai kauri, launinsa tsakanin toka da ruwan ƙasa. Wani baƙin zane ya ratsa idanunsa daga kunci zuwa kunci, wutsiyarsa kuma cike take da gashi, da baƙaƙen zobba a jere. Babba yakan kai kilo 5 zuwa 10, na yankunan sanyi ma sukan wuce haka idan sun yi ƙiba kafin hunturu.

Ofosum farar fuska gare shi, da dogon baki mai tsini, da baƙaƙen kunnuwa marasa gashi, da doguwar wutsiya tsirara. Bahaushen da ya gan shi farat ɗaya zai rantse ƙatuwar gafiya ce ta yi furfura. Nauyinsa daga kilo 2 zuwa 6 ne, tafiyarsa a hankali, da ɗan rangaji.

Da safe, sawu ne ke faɗin wanda ya zo. Ƙafar gaba ta rakun tana barin yatsu biyar dogaye a baje. Ƙafar baya ta ofosum kuwa tana da babban yatsa marar farce wanda ya karkace gefe, yana kama reshe da shi, kuma ba wata dabba a ƙasar da ke barin irin wannan sawu. Sau da yawa za a ga layin da wutsiyarsa ta ja a tsakanin sawayen.

Ba dangi ba ne

Masana halittu sun sa rakun a babban gidan dabbobi masu cin nama, inda kare da kyanwa suke. Ofosum yana can nesa, cikin dabbobi masu jakar goyo a ciki, dangin kangaru na Ostareliya. Akwai nau'in ofosum fiye da 100, galibinsu a Kudancin Amurka da Amurka ta Tsakiya, amma guda ɗaya tak ne ya kai ƙasar Amurka da Kanada, wanda ake kira ofosum na Bajiniya. Kakanninsa daga kudu suka hauro, bayan da zirin ƙasar Panama ya haɗe nahiyoyin biyu kimanin shekara miliyan 3 da suka wuce.

Har yau jikinsa yana nuna cewa ɗan ƙasar zafi ne. Idan dusar ƙanƙara ta rufe ƙasa, rakun yakan shige kogonsa ya yi makonni yana barci, yana cin kitsen da ya tara. Ofosum ba shi da wannan gata. Dole ya fito neman abinci ko da sanyi na yanka jiki, shi ya sa a jihohin arewa ake yawan ganinsa da guntulen kunne ko guntuwar wutsiya, sanyi ya cinye bakin. Duk da haka yana ta matsawa arewa, yanzu har ya kai kudancin lardin Ontariyo na Kanada, kuma gidajen mutane ne suka share masa hanya: ga gareji mai ɗumi, ga ƙarƙashin baranda, ga shara da ba ta yankewa. Gaɓar yamma kuma, wato Kalifoniya da maƙwabtanta, mutane ne suka kai shi da hannunsu a ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20.

Hannun rakun

Duk abin da ake faɗi a kan rakun yana komawa ga ƙafafunsa na gaba, waɗanda ya fi dacewa a kira su hannaye. Babban kaso na ɓangaren ƙwaƙwalwarsa mai karɓar saƙon taɓawa an keɓe shi ne ga waɗannan hannaye. A daji, bakin rafi ne kasuwarsa. Zai tsoma hannu cikin ruwa yana lalube a ƙarƙashin duwatsu, kansa a sama yana kallon wani wuri daban, har ya kamo kwaɗo ko ƙaramin kifi ko wata halitta mai ɓawo. Mutane sun daɗe suna zaton wanke abinci yake yi don tsafta. Masana da yawa suna ganin wannan lalube ne kawai na farauta, kuma jiƙa hannun yana ƙara masa kaifin ji.

Hannun da ya saba juya dutse a cikin duhu ba zai sha wahalar marfin mazubin shara ba. Rakun yana zare sakata, yana kwance igiya, yana ɗaga marfin tulu, yana zura hannu ta ramin wayar akurki ya jawo kaza. Yana iya juya ƙafafunsa na baya su kalli baya, don haka yakan sauko daga bishiya da kai a ƙasa, kuma bango ko bututun ruwan sama ba sa hana shi kaiwa saman rufi. A watan Yunin 2018, a birnin Sen Fol na jihar Minesota, wata rakun ta hau bangon wani bene mai hawa 25 har ƙololuwa, jama'a na kallo ta intanet, kafin a kama ta da tarko a sake ta a wajen gari.

Wayon nasa ma an gwada shi. A wani bincike da masana daga Jami'ar Wayomin suka wallafa a 2017, an ba rakun takwas wani dogon bututu mai ruwa a ciki, da guntayen alewa suna yawo a saman ruwan, can ƙasa inda hannu ba ya kaiwa. Dabarar da ake so su gano ita ce jefa duwatsu a ciki har ruwan ya taso. Biyu suka koya. Wata ta uku ta ga wannan ɓata lokaci ne, ta haye kan bututun ta yi ta girgiza shi har ya kife, ta kwashi rabonta. Masu binciken sun gina abin ne da nufin kada ya kifu.

Birnin Toronto ya ɗanɗana irin wannan. A 2016 hukumar birnin ta fara raba wa gidaje sabon mazubin sharar abinci, kore, mai makullin da sai an murɗa yake buɗewa, bisa lissafin cewa rakun ba shi da babban yatsa irin na mutum da zai murɗa da shi. Magajin garin na lokacin, John Tory, har maganar yaƙi da rakun ya yi a bainar jama'a. Mazubin ya yi aiki a yawancin gidaje, gaskiya ce. Amma ba a daɗe ba aka ɗauki bidiyon wasu rakun suna tunkuɗe shi ƙasa, sannan su ja makullin har ya saki.

Macen rakun tana ɗaukar ciki kwana 63 ko kusa da haka, ta haifi 'ya'ya uku zuwa biyar tsakanin Maris da Mayu. A daji kogon bishiya take nema. A gari kuwa bututun hayaƙi ko sararin da ke tsakanin silin da rufi ya fi mata kowane kogo, kuma in babu ƙofa ita za ta yi, ta ɓamɓare katako ko ta yage abin da aka rufe gidan da shi. 'Ya'yan suna bin ta watanni, wasu har su yi hunturun farko tare da ita, suna koyon inda ake samun abinci da yadda ake buɗe shi. Wannan doguwar tarbiyya ita ce jarin rakun. A daji yawanci shekara 2 zuwa 3 yake yi kafin mota ko cuta ko mafarauci su ɗauke shi, amma a tsare yana iya kaiwa shekara 20.

Mai gajeren zango

Macen ofosum kwana 12 zuwa 13 kacal take yi da ciki, ɗaya daga cikin mafi gajarta a duk dabbobi masu shayarwa. Abin da take haifa bai gama zama dabba ba: makaho, tsirara, nauyinsa bai kai rabin giram ba. Tana iya haifar 20 ko fiye a lokaci guda, kuma kowane ɗa da kansa zai ja jiki da ƙafafun gaba ya shiga jakar cikinta. A cikin jakar nono 13 ne, goma sha biyu a kewaye, ɗaya a tsakiya. Wanda ya kama nono ya maƙale ba zai saki ba har tsawon makonni. Wanda ya makara, shi ke nan. Bayan kimanin wata biyu da rabi waɗanda suka rayu su fito, su hau bayanta su riƙe gashi, ta riƙa yawo da su. Kafin su cika wata biyar kowa ya kama gabansa. Uwar na iya sake haihuwa a shekarar, 'ya'yan kuma kafin su cika shekara sun isa haihuwa.

Gaggawar tana da dalili. Ofosum da wuya ya wuce shekara 2 a daji, kuma ko an tsare shi ana ba shi abinci, shekara 4 ta zama tsufa tukuf. Wani masani mai suna Steven Austad ya bibiyi wannan al'amari a tsibirin Safelo da ke gaɓar jihar Jojiya, inda ofosum suka yi dubban shekaru ba tare da manyan dabbobi masu farautarsu ba. Ya tarar na tsibirin sun fi na tudu tsawon rai, suna haihuwa kaɗan kaɗan, jikinsu kuma yana jinkirin tsufa. Masu nazarin tsufa suna kafa hujja da wannan har yau: dabbar da ake yawan kashewa da wuri, jikinta kan zuba ƙarfinsa a haihuwa maimakon gyaran kansa.

Ofosum ba ya haƙa rami, ba ya fasa rufi. Inda ya tarar a buɗe nan yake shiga, ko ramin da wata dabba ta bari, ko ƙarƙashin tarin itace. Yakan naɗe busassun ganye da wutsiyarsa ya kai ya shimfiɗa, ya kwana biyu ko uku, ya ƙara gaba. Abincinsa duk abin da ya samu a ƙasa ne: 'ya'yan itace da suka faɗo, ƙwari, dodon koɗi, ɓeraye, ƙwai, mushe. Son mushen nan ne ke kai shi kan titi da dare, inda motoci ke kashe su da yawa. Yana cin macizai ma, kuma jininsa na ɗauke da wani sinadari da ke karya dafin wasu macizai masu kisa na ƙasar.

Sau da yawa rakun ne zai kifar da mazubi ya ci mai kyau ya tafi, ofosum ya zo daga baya yana kalen abin da ya zube, maigida ya kunna fitila ya gan shi a wurin. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Idan aka rutsa ofosum, zai wangame baki ya nuna haƙora 50, adadin da babu wata dabbar tudu mai shayarwa a Arewacin Amurka da ta kai, yana huci, yawu na dalala. Galibi burga ce, da wuya ya kai cizo sai in an kama shi da hannu. In burgar ba ta ci ba, sai ya faɗi a gefe ya sandare, baki a buɗe, harshe a waje, wani ruwa mai ɗoyi yana fita ta bayansa. Ba da gangan yake yi ba. Tsananin tsoro ne ke jefa jikinsa cikin wannan hali, numfashi da bugun zuciya su ragu, kuma yana iya ɗaukar mintoci ko sa'o'i kafin ya farfaɗo. Kare ko wata dabbar da ke son abin da ke motsi takan shinshina ta bar shi. A gaban mota dai wannan dabara ba ta da amfani.

Wanne ya fi haɗari?

A nan ne ido ke yaudarar mutane. Ofosum mai dalalar yawu shi ake gudu, ana cewa mahaukaci ne, rakun mai kyan fuska kuma shi yara ke son taɓawa. Kyan ɗan maciji ke nan.

Ciwon haukan kare, wanda a ƙasashenmu kare ne ke yaɗa shi, a gabashin Amurka rakun ne babban mai ɗauke da shi. Da can cutar a jikin rakun ta tsaya ne a Fulorida da kewayenta. A ƙarshen shekarun 1970 mafarauta suka ɗebo rakun daga kudu suka sake a yankin iyakar Bajiniya da Bajiniya ta Yamma don su sami abin farauta, ashe akwai masu cutar a ciki. Daga nan ta bazu a duk gaɓar gabas, ta shiga Kanada a 1999. Tun shekarun 1990 hukumomi ke watsa miliyoyin ƙananan ƙunshin abinci mai warin kifi daga jiragen sama, da maganin rigakafi a ciki, domin rakun ya ci ya samu kariya, cutar kuma ta kasa tsallakawa yamma. Ofosum kuwa da ƙyar ake samun cutar a jikinsa. Ana kyautata zaton sanyin jikinsa ne dalili, domin zafinsa yana wajen digiri 35 ne, ƙasa da na yawancin dabbobi masu shayarwa.

Ganin rakun da rana ba ya nufin ya haukace, mai shayarwa takan fito neman ƙari. Abin tsoro shi ne wanda ke tangaɗi, ko yake zagaye wuri ɗaya, ko ya daina gudun mutane. Ka'idar cizo kuma ɗaya ce ko'ina a duniya, ko na rakun ne ko na kare: a wanke wurin da sabulu da ruwa na tsawon minti 15, a tafi asibiti a ranar, domin da zarar alamun cutar sun bayyana kusan babu mai tsira.

Haɗari na biyu a kashin rakun yake. Rakun yana da wurin ba-haya na musamman da yake komawa kullum, a gindin bishiya, ko kan rufi, ko kan tarin itace. Da yawansu suna da wata irin tsutsar ciki wadda ke zubar da ƙwai masu ɗimbin yawa. Ƙwan yakan nuna cikin mako biyu zuwa huɗu, ya kuma yi shekaru a ƙasa bai mutu ba. In ƙaramin yaro ya kai ƙasar bakinsa, tsutsar na iya bi ta jiki ta kai ido ko ƙwaƙwalwa. Ba a cika samun haka ba, amma in ya faru ɓarnar babba ce. Ruwan bilic ba ya kashe ƙwan, sai tafasasshen ruwa ko wuta.

Kada wannan ya sa a ɗauki ofosum waliyyi. Kashinsa yana ɗauke da wata ƙwayar cuta da ke lalata lakar doki in ta shiga harawa ko ruwan sha, don haka masu dawaki ba sa wasa da shi. A Kalifoniya da Teksas ƙumar jikinsa tana da hannu wajen yaɗa zazzaɓin taifus, wanda daban yake da taifod. Yana shan ƙwai, yana kama 'yan tsaki. Akwai kuma wani yabo da ya yi yawo a intanet, wai ofosum guda yana cinye kaska 5,000 a shekara. Lissafin ya fito ne daga wani bincike na 2009 da aka yi da dabbobi a keji. A 2021 wasu masu bincike a jihar Ilinoi suka duba cikin ofosum 32 da suka rayu a sake, ba su ga kaska ko ɗaya ba.

Abin da maigida zai yi

Abin da ke kawo su duka biyun abinci ne, saboda haka matakin farko ɗaya ne: a shigar da kwanon kare kafin magariba, a kulle mazubi, a tsince 'ya'yan itacen da suka zube, a yi wa akurki waya mai ƙananan ramuka da sakatar da ba a zarewa da ja ɗaya.

Bayan wannan, ofosum haƙuri kawai yake buƙata. A shigar da kare ɗaki, a bar masa hanya, cikin kwanaki zai wuce. In an gan shi a sandare, a ba shi sa'o'i kafin a ce ya mutu. In kuma mota ce ta kashe mace, masu jinyar namun daji suna roƙon a duba jakarta, don 'ya'ya kan rayu a ciki bayan uwar ta mutu.

Rakun sai an tashi tsaye. A sa wa bututun hayaƙi murfin ƙarfe, a datse rassan da suka taɓa rufi, a toshe kafofi tun kafin Maris. In har macen ta riga ta haihu a saman silin, toshe ƙofar babban kuskure ne, domin ko 'ya'yan su mutu a ciki su ruɓe, ko uwar ta farfasa rufin don ta kai gare su. Akan kunna fitila da rediyo a wurin har ta gaji ta kwashe su da kanta, sannan a toshe. Kama rakun a kai wani daji haramun ne a dokar jihohi da dama, kuma abin da ya faru a shekarun 1970 ya isa dalili.

Ajiye shi a gida ma ba dabara ba ce, ko da yake an yi. A 1926 aka aika wa shugaban Amurka Calvin Coolidge wata rakun don a yanka a ci, iyalinsa suka mai da ita 'yar gida a fadar shugaban ƙasa, suka sa mata suna Rebecca. A Japan, wani wasan zane na talabijin da aka nuna a 1977 ya sa jama'a suka yi ta sayo jariran rakun daga Amurka. Da suka girma suka fara cizo da ɓarna, sai aka riƙa sakinsu, yanzu jikokinsu suna lalata gonaki da tsofaffin wuraren ibada na katako. A Jamus an saki huɗu a bakin tafkin Eda a 1934, wasu kuma suka kuɓuce daga gidan kiwon fata kusa da Balin a 1945. Yau mafarautan ƙasar suna kashe fiye da 200,000 a shekara, adadin nasu bai daina ƙaruwa ba, kuma tun 2016 Tarayyar Turai ta sa rakun cikin jerin baƙin dabbobi masu ɓarna.

Aiki

1. Maigida ya tashi ya tarar an zare sakatar akurki, an kuma ɓamɓare katako a gefen rufi. Wace dabba za ku zarga, kuma da wace hujja?

2. Ku bayyana da kalmominku yadda yawan haihuwar ofosum ke da alaƙa da gajeren ransa.

3. Idan ofosum mace ta haifi 'ya'ya 20, aƙalla nawa ne ba za su sami nono ba?

4. Ku tattauna a aji: wace dabba ce a unguwarku ke rayuwa da abin da mutane ke zubarwa, kuma me za a sauya a gida don ta rage zuwa?